Billen da Datti Ya Goge

In ka shiga Tudun Wada ka bi layin masu injin casar shinkafa, kafin ka kai inda motocin Doguwa suke lodi, za ka ga wani ɗan shago mai farar ƙofa da allo a samansa, an rubuta Datti Mai Zane. Rubutun baƙi ne a kan fari, babu fure, babu tauraro, babu ko lambar waya ta biyu. Wanda ya ga allon nan ya gama ganin mai shagon.

Datti haifaffen Badafi ne ta ƙasar Kiru, ɗan manomi da noma bai karɓe shi ba. 'Yan gidansu har yau suna ba da labarin yadda za a je huɗa, a waiga a tarar da shi yana rushe kunyar da yayansa ya gama, wai ta karkace. Da ya tasa sai ya kama buroshi da fenti, ya yi shekaru a Kwanar Dangora yana rubuta sunayen shaguna da bayan manyan motoci. Da kwamfuta ta zo ta kashe wa buroshi kasuwa, bai tsaya zagin zamani ba kamar abokan sana'arsa. Ya tafi Kano ya yi shekara uku a wani gidan buga takardu yana shara yana leƙen yatsun masu aiki, har ya iya. Ya dawo ya auri Fiddausi, ya buɗe shagon nan. Fiddausi takan ce ita dai ba ta taɓa jera kwanuka sun kwana yadda ta jera su ba.

Aikinsa katin biki ne, da kalandar saukar karatu, da sitikar 'yan acaɓa, sai fastar 'yan takara in kakarsu ta zo. Kuma duk wanda ya kawo hoto, daga mai neman kansila har amarya, magana ɗaya ce: "Malam Datti, a ɗan wanke ni." Sai ya wanke su. Ya share ƙuraje, ya share tabo, ya rage furfura, ya haska fata har uwar mutum ta yi ta ƙifta ido kafin ta gane shi. Ya yi wannan aiki ya fi sau dubu, har hannunsa ya daina jiran a ce masa.

Wata ranar kasuwa wani saurayi ya shigo da fastoci a naɗe cikin leda, jikinsa na ɗan ƙarnin kifi duk da turaren da ya fesa. Sunansa Kamilu, ɗan masunta ne daga unguwannin da aka tsugunar da mutanen da ruwan Tiga ya ci garuruwansu. Da safe yana kan ruwa da taru, da yamma yana waƙa a gidajen biki. Ya je Kano ya ɗauki waƙoƙi shida a wani sitidiyo, masu tura waƙa a memori suna ta turawa, mata suna rerawa a bakin rijiya. Murya kam Allah ya ba shi. Matsalar ita ce ba wanda ya san mai muryar.

Ya baza fastocin a kan tebur, Datti ya dafe kai. A ɗaya shi ne Kamilu Tiga, cikin jan launi mai kashe ido. A wata Kamilu Mai Kifi. A ta uku Sarkin Murya, an ɗora kansa a kan jikin wani ƙato mai kwat, ga jirgin sama a bayansa, shi da ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

"Kai, don Allah ku nawa ne?" in ji Datti.

"Ni kaɗai ne, Yaya Datti."

"A'a, ni mutum uku nake gani, kuma duk cikinsu babu wanda zan gayyata bikin ƙanwata."

Kamilu ya yi dariya har da buga cinya. Haka yake, ba ya fushi, ba ya musu, in ka girme shi da kwana ɗaya ma sai ya sunkuyar maka da kai. Datti ya ja kujera ya zaunar da shi, ya zana masa tsari kamar mai karanta wa almajiran sana'a doka. Suna ɗaya, Kamilu Bakin Ruwa. Launi biyu, shuɗi da ruwan ɗorawa, ba na uku. Ɗan tambari na kwale-kwale a kusurwar dama. Hula ɗaya, shuɗiya, ko wanka zai shiga. Sai hoto ɗaya tak, shi za a gani a fasta, a sitika, a riga, a kalanda, shi zai fito a fuskar waya in waƙar ta tashi. "In mutum ya hango shuɗi da ruwan ɗorawa daga nesa, ina so kafin ya karanta ya ce Kamilu ne." Sannan ya karɓi wayar Kamilu, da hannunsa ya goge duk tsofaffin hotuna, na cikin wayar da na Fesbuk, yana gogewa yana tsaki.

Washegari da hantsi ya tsayar da shi a jikin farin bangon shagon ya ɗauke shi. Hoton ya yi kyau, Kamilu na ɗan murmushi kamar an kira sunansa daga baya. Datti ya zauna gaban kwamfuta ya fara abin da ya saba. Ya share gumi, ya haska fata. Sai ya zo kan bille, tsaga guda ɗaya da ta gangaro a kuncin Kamilu. Wallahi ko tsayawa bai yi ba. Ya ɗebo fatar gefe ya rufe ta, abin bai kai minti ɗaya ba. Ya ajiye sabon a kan tsohon, don shi ba ya tara shara a kwamfutarsa.

Da Kamilu ya zo gani, ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu kuncinsa.

"Yaya Datti, ina abin nawa?"

"Wane abu? Au, billen? Ai a ƙaramar sitika sai ya fito kamar an karce takardar. Kuma a cikin mawaƙan birni ka taɓa ganin mai bille?"

Kamilu ya sauke hannu daga kuncinsa. "To, kai ka san aikinka," ya ce, ya yi 'yar dariya. Datti ya ji dariyar ba irin ta jiya ba ce, amma mai katin biki na tsaye yana jira, sai ya juya wajensa.

Kuma aikin ya ci, wannan ba a musu. Cikin wata shida shuɗi da ruwan ɗorawa ya cika hanya daga Bebeji har Doguwa. Yana bayan adaidaita, yana jikin tankin babur, yana bangon mai shayi. Masu biki suka fara kama rana wata biyu kafin lokaci. Wasu mawaƙa uku suka zo wajen Datti suna cewa a yi musu irin na Kamilu. Datti ya sayi sola ya huta da janareto, yana tafe yana gyara wuyan riga.

Abu na farko da ya tsaya masa a rai ya faru a ƙofar shagonsa. Kamilu zai wuce wani biki, ya tsaya karɓar sitika. Datti ya leƙo ya gan shi ya sunkuya a madubin babur, da ɗan gwangwanin fankeke irin na mata, yana shafawa a kunci da ɗan yatsa. Da ya ga an gan shi sai kunya ta kama shi. Ya ce a wani biki ne a Doguwa 'yan mata suka yi ta nuna shi suna cewa ba shi ba ne, ƙaninsa aka turo, na fasta ba shi da tsaga. Tun daga ranar yake rufewa in zai hau wasa. Abin da ya fito daga bakin Datti shi ne, "Ƙara kaɗan ta ƙasa, ana gani."

Na biyun ya fi wannan nauyi. Kamilu ya matsa sai Datti ya je gidansu ya gaida mahaifiyarsa, Inna Barakatu, ya ci kifin da ba na kasuwa ba. Suka tafi da kalandar farko a naɗe, tsaraba. Inna Barakatu doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido, mijinta ya rasu tun Kamilu na firamare, shi ne autanta, kuma Auta take kiransa. Ta shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, ta sa wa Datti albarka har sau uku. Sannan Kamilu ya warware kalandar ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta kai ta nesa da ido, ta dawo da ita kusa. Murmushin ya sauka a hankali.

"Auta, ina billen ubanka?"

"Inna, haka ake yi yanzu."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce garin da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwan da yake kama kifi a kai, da masallacinsa da maƙabartarsa. Tana budurwa aka kwashe su a manyan motoci, kowa ya watse inda aka ajiye shi. In suka haɗu da mutum a wata kasuwa, da billen nan suke gane ɗan tsohon gari ne, su tsaya su gaisa su tambayi waɗanda suka rage. Da aka haifi Kamilu an riga an daina yin bille, amma ubansa ya hau keke ya nemo Mu'azu, wanzamin tsohon gari, hannunsa har yana rawa don tsufa. Kamilu ne na ƙarshe da ya yi wa.

"To ina tambayarka," ta ce. "Kai ka ce a cire?"

Kamilu ya dubi Datti. Kallo ne na ɗan lokaci, ba na tuhuma ba, irin na wanda yake ba babba hanya ya fara wucewa. Datti ya sunkuyar da kai yana cire ƙaya daga kifin da ba shi da sauran ƙaya. Kalma uku ce kawai, Inna ni ne, kuma tana kan harshensa. Ya tuna albarkar da aka sa masa yanzun nan, ya ji ba zai iya ba.

"Ni na ce, Inna," in ji Kamilu.

Ta naɗe kalandar ta ajiye gefe, ta tashi ta shiga ɗaki. A hanyar dawowa Kamilu na ta hira kamar ba abin da ya faru, har yana cewa, "Rabu da Inna, za ta huce." Bai taɓa tayar da maganar wanda ya cire billen ba har abada, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ba ta huce ba. Abinci tana ba shi, gaisuwa tana amsawa, amma ta daina ce masa Auta, ta koma Kamilu kamar kowa. In waƙarsa ta tashi a rediyon maƙwabta sai ta shige ɗaki. Datti ya sani, don Kamilu yakan faɗa cikin raha. Datti ya gaya wa Fiddausi, ita kuwa ba ta ɓoye masa ba. "Malam, wannan ba kunya ba ce, tsoro ne. Ka hau babur ka je ka faɗa wa baiwar Allahn nan, ba za ta cinye ka ba." Ya ce bayan sallah. Bayan sallah aikin 'yan takara ya taso. Bayan zaɓe ya ce ai maganar ta tsufa, tayar da ita sai ya ƙara ɓata abu. Haka aka ci shekara biyu.

Cikin damina, wata Laraba da hantsi, hadari ya taso wa masunta a tsakiyar ruwa. Kwale-kwalen Kamilu ya kife, taru ya naɗe masa ƙafa. Sai washegari aka same shi, aka yi masa sutura nan take. Wayarsa tana can ƙasan ruwa.

Kafin la'asar hoton nan ya cika wayoyin mutane, shuɗi da ruwan ɗorawa, an rubuta Allah ya jiƙan Kamilu Bakin Ruwa. A wajen zaman makoki wani ya dafa kafaɗar Datti ya ce, "Kai dai ka yi masa hoto, Malam Datti, da shi za a riƙa tuna shi." Datti ya tashi ya zagaya bayan gida ya tsuguna, ya daɗe bai dawo ba.

Bayan an yi arba'in, ranar kasuwa, yana zaune sai ya ji sallama. Inna Barakatu ce da kanta, ta rame, da kalandar nan a naɗe a hannu. Ya zabura ya ba ta kujera, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗan nan, ban zo da rigima ba," ta ce. "Ya ce ka cire, ka cire, aikinka ka yi. Na yafe masa. Amma kowa ya zo gaisuwa sai ya nuna min wannan a waya, ni kuma ba shi na haifa ba. Na fara rufe ido ina neman fuskarsa, wannan ce take zuwa min. Ka ba ni na asalin."

Ya ce ta ba shi mako ɗaya.

Ya kwance kwamfutar nan kaf, ya zazzage duk filashin da ke cikin durowa. Babu. Shi da kansa ya ajiye sabo a kan tsoho, shi da kansa ya goge na waya. Ya bi masu bidiyon biki, abin da suka samo masa daga nesa ne, ga hula, ga fankeke. Katin zaɓen Kamilu yana cikin jakar da ta nutse da shi. Sai ya ce to, zai zana billen da hannu, ai ba abin wuya ba ne. Ya buɗo hoton, ya kai hannu, ya tsaya. Wane kunci? Shekara uku yana zama da mutumin nan gwiwa da gwiwa, suna cin abinci kwano ɗaya, amma ya kasa tunawa. Ya tambayi Munir mai kaɗa wa Kamilu fiyano, ya ce hagu. Ya tambayi wani abokin kamun kifinsa, ya ce dama, sannan ya ce a'a, bari ya tuna.

Ran da mako ya cika ya goya kwamfutar a babur da sassafe ya tafi. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar nan. Ya buɗe hoton, ya kasa ɗago kai.

"Inna, na asalin ya ɓace. Zan mayar da hannu. Amma ki yi haƙuri, ban tuna ta wane gefe yake ba."

Ta matso, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa kamar ta ɗan da za a sa wa kwalli. Ta ɗora ɗan yatsa a kuncinsa na hagu, kusa da karan hanci, ta ja shi a hankali ya gangara, ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe. "Nan hannun Mu'azu ya goce," ta ce. "Yaron ne ya yi motsi, ja'irin."

Ya fara. Tana zaune a gefensa tana gyara masa. Ka ƙara tsawo. Bai kai haka kauri ba. Kuma wannan farin na mene ne, ɗana baƙi ne, mayar masa da kalarsa. Rana ta ɗaga, inuwar ta matsa, suka ja tabarma suka bi ta. Can sai ta daina gyara masa. Datti ya duba, shi ma ya gan shi, Kamilun da ya shigo shago da fastoci a leda.

Ta daɗe tana kallo, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. "Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Allah ya raya maka naka. Kai bare ka wuni kana mayar da abin da shi ɗan gida ya ji kunyarsa."

Nan ne ya kasa. Da zaginsa ta yi da ya iya ɗauka.

"Inna, bai ji kunyarsa ba. Bai ce in cire ba. Ni na cire ban tambaye shi ba, da ya gani har ya tambaye ni ina yake, na rufe masa baki. Ya ce shi ne don ya rufa min asiri."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. Wata kaza ta zo tana tsattsagar bakin tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Ranar da na tambaye shi, kana ina?"

"Ina nan, Inna. A kan tabarmar nan."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta mayar da ido kan hoton. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa, har sai da ya matso.

"Ranar Larabar nan ya zo ƙofar ɗakina da asuba zai fita ruwa. Ya gaishe ni, ya tsaya. Na san abin da yake jira, in leƙo. Daga ciki na amsa masa."

Datti ya ce, "Ki yafe min, Inna." Ya sake faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tsaya a kansa.

"Ka buga min babba, wanda zan gani ba sai na matsa ba. Ka ba direba ya kawo. Kai kada ka zo."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ya rufe kwamfutar, ya naɗe mata tabarmar ya jingine a bango. Ya tura babur ɗinsa da ƙafa har ya wuce masallacin unguwar kafin ya iya tayar da shi.